Jar Ragamar da Ta Koma Baƙa

Ranar Laraba da hantsi, Sufeto Isyaku yana bayan teburinsa yana tauna maganin olsa, sai ga Alhaji Magaji ya faɗo ofis ko sallamar kirki babu. Dillalin shanu ne a karar Wudil, irin mutanen nan da ko a gidan makoki ba su iya magana ƙasa-ƙasa ba. Yana da doki guda da yake hawa kilisa da yamma, kuma kowa ya san ya fi ji da shi a kan motarsa.

"An shiga bargata, Sufeto. Jiya, da rana tsaka."

"Dokin aka sace?"

"Allah ya kiyaye. Kayansa aka kwashe. Ragama, kamazuru, ɗan goshi, duk jajayen nan da nake hawa da su. Kayan Maroko ne, takanas aka kawo min. Dukawanmu na nan ko a mafarki ba za su yi irinsu ba."

Sufeto ya haɗiye sauran maganin, ya kira Kofur Mudassir, suka bi shi.

Ba a fasa komai a bargar ba. Ga sirdi a rataye da likkafunsa na tagulla, ga ƙaramin janareta a gindin bango, ga buhunan dusa. Ƙusa uku ne kawai suka zama wayam. Sufeto ya daɗe yana kallon janaretan, don a shekara ashirin da ya yi yana aikin nan bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsallake janareta ya ɗauki fata ba.

Mai kula da dokin, wani magidanci da ake kira Auta, ya rantse ya maimaita a gaban maigidansa cewa ko nan da can bai je ba. Sufeto ya bari sai da waya ta janye Alhaji waje.

"To yanzu faɗa min gaskiya. Ina ka je?"

Auta ya sosa ƙeya. "Bakin kogi, yallaɓai. Na kai doki wanka bayan azahar. Ƙofar baya da ake shigo da harawa na saya ta kawai, ban sa kwaɗo ba."

"Su wa suka shigo bargar nan a kwanakin nan?"

"Mai harawa. Sai ranar Litinin da Alhaji ya yi baƙi daga Kano, ya shigo da su suna kallon kaya, ana gyaran janareta a gefe. Shi ke nan." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Amma yallaɓai, Marokon nan fa ba ta wuce bayan masallacin unguwarmu ba. Malam Halliru baduku ne ya yi su. Ni na karɓo su da hannuna."

Ranar nan Sufeto ya ƙarar da ita wajen zagaya rumfunan masu sayar da kayan doki, bai samo komai ba sai ciwon ƙafa. Washegari da safe ya ce bari ya je wajen wanda ya yi kayan, ko ya ba shi wata alama da za a gane su.

Malam Halliru yana zaune a zaurensa kan buzu, fuskarsa tana kallon ƙofa, amma ba ƙofar yake gani ba. Hawan jinin ido ya cinye masa gani shekara huɗu da suka wuce. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ruwan bana, sannan Sufeto ya faɗi abin da ya kawo su.

"An sace su?" Tsohon ya yi salati. "Wata bakwai na yi a kan kayan nan, ranka ya daɗe. Su ne aiki na ƙarshe da idona ya gani sosai. Fatar akuya ce jimar bagaruwa, na rina ta da karan dafi har sau uku, na bi ta da lemon tsami. Ja ne da in rana ta faɗa masa sai ka kau da ido."

Yana faɗa yana murmushi. Sufeto ya ji nauyin gaya masa abin da mai kayan yake cewa a kansu, sai ya yi shiru da zancen Maroko.

Wani wari ne ya dame shi tun da suka shigo, mai tsami-tsami, mai kama maƙogwaro.

"Baba, wannan warin fa?"

"Ni ma tun jiya nake jin sa. Kamar kuloko, amma ba kuloko ba."

"Mene ne kuloko?"

"Baƙin rinin dukawa. Rabona da haɗa shi tun idona yana nan."

Kofur Mudassir ya bi warin har bayan tarin tsofaffin fatu da ke lungun zauren. Ya jawo bokitin roba mai baƙin ruwa, ya jawo buhun shinkafa ɗaure da igiya. Da ya zazzage buhun, kayan doki suka zubo ƙasa, baƙi ƙirin, da danshinsu.

"Mene ne ya faɗi?" in ji tsohon. "Ku miƙo min."

Da Sufeto ya san abin da zai biyo baya, da bai miƙa ba. Yatsun tsohon suka bi ragamar a hankali, suka tsaya a kan wani ƙulli, suka wuce, suka dawo. Ya kai ta hancinsa. Murmushin nan ya tafi.

"Ni na ɗauka," ya ce.

"Baba, yanzun nan ka yi salati da ka ji an sace su."

"Ƙarya nake yi. Ni na ɗauka, ni na rina. Ku tafi da ni."

A ofis, ogan Sufeto ya karanta bayanin, ya ajiye tabarau. Ba mugun mutum ba ne, amma mutum ne mai bin takarda.

"An sami kaya a ɗakinsa, ya amsa da bakinsa. Me kake so in yi?"

"Oga, mutumin nan ƙofar bayi sai an kama masa hannu. Ta yaya zai ratsa unguwa ya shiga barga?"

"Ka kawo min wanda ya ratsa ɗin. In ba haka ba, Litinin a kai shi kotu. Ka ba da belinsa kafin nan."

Sai dai tsohon ya ce ba ya son beli, kuma ba shi da wanda zai tsaya masa. Sufeto bai iya sa shi a sel ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bayan kanta, ya aika aka sayo masa fura, ita ma ko kallon inda take bai yi ba.

Alhaji Magaji ya iso kafin azahar. Da aka buɗe masa buhun sai ya ja da baya.

"Wannan gawayin ne kayana?"

"Su ne, Alhaji. Amma ina roƙonka ka sassauta. Dattijo ne, ba ya gani."

"Ba ya gani, ya ga ƙofar bargata? Wallahi ba zan janye ba. Kayan da aka kawo min tun daga..." Sai idonsa ya faɗa kan tsohon da ke zaune a tabarma, ya haɗiye sauran maganar. Ko ba komai ya san wanda zai yi wa ƙarya da wanda ba zai yi wa ba. Ya kaɗa babbar riga ya fita.

Fitarsa ke da wuya sai ga Bilya ya shigo da gudu-gudu, da kayan aikinsa a jiki. Ɗan Malam Halliru ne tilo namiji, bakaniken babura da janareta a bakin titi, magidanci mai 'ya'ya uku. Sufeto ya san shi sarai, don shi ke lallaɓa masa tsohon babur ɗinsa, kuma bai taɓa sa masa jabun kaya ya ce masa na asali ba ne.

"Yallaɓai, na zo belin Baba."

Tsohon ya ɗago kai da jin muryar. "Wa ya kira ka? Koma bakin aikinka. Kada in ƙara jin ƙafarka a nan."

"Baba..."

"Na ce ka tafi."

Sufeto ya raka Bilya bakin ƙofa. "Ka san yadda kayan nan suka shiga zaurenku?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Zauren a buɗe yake wuni, kowa shiga yake. Ni kuma tun ina ɗan sha biyar na bar dukanci, ko basilla ban iya riƙewa ba yanzu."

Yana magana yana murza hannuwansa, baƙi wuluk har farce. To amma wane bakanike ne hannunsa fari? Sufeto ya bar shi ya tafi.

Juma'a kasuwa ta ci. Sufeto ya sa kamazurun a leda, ya ratsa ta cikin shanu da motocin da ake loda su, har layin masu kanwa da kayan yaji. A can ƙarshe Goggo Murja take zama da tulin karan dafi a gabanta. Ita ce ta rage tana sayar wa dukawa kayan rini, kuma bakinta ba ya jiran a tambaye shi.

Ta karɓi fatar, ta juya ta, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wa fata haka?"

"An ce Malam Halliru ne."

"Halliru? Ɗan nan, ko a makance, ko a cikin barci, Halliru ba zai yi wannan ba. Dubi nan, dabbare-dabbare. Fatar da ta sha gumin doki da mai, sai ka wanke ta da ruwan kanwa kafin rini ya shiga. Wannan ko wankewa bai yi ba."

"Goggo, yaya ake haɗa kulokon?"

"Kashin maƙera kake samu, dattin ƙarfen nan da suke zubarwa, ka jiƙa shi da ruwan tsami da ɗan sukari, ka rufe, ka manta da shi kwana goma, ko sati biyu. Ba a yi masa gaggawa." Ta lanƙwasa kamazurun kaɗan, sai fuskar fatar ta tsage kamar busasshen ganye. "Ka gani? Wannan ba jiƙa ƙarfen aka yi ba, wani abu mai zafi aka zuba masa ya cinye shi a wuni ɗaya. Ya ci ƙarfen, yanzu kuma yana cin fatar."

"Za a iya mayar da ita ja?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko za a iya mayar da tuwo dawa. "Ja yana komawa baƙi. Baƙi ba ya komawa ko'ina. Wannan ma nan da wata guda ko akuya ba za ta ɗauru da ita ba."

Bayan an sauko daga masallaci, Sufeto ya sa Kofur ya kai bokitin nan bayan ofis ya tsiyaye ruwan a ƙasa. Inda ya zuba sai da ƙasar ta yi kumfa. A gindin bokitin babu kashin maƙera ko ɗaya. Guntayen sarƙar babur ne, da notuna, duk sun zagwanye.

"Ruwan batir ne, yallaɓai," in ji Kofur, yana toshe hanci.

Sufeto ya zauna a kan wani bulo. Ya tuna maganar Auta, cewa ana gyaran janareta a gefe, ya ji haushin kansa da bai tambayi mai gyaran ba tun ranar. Wataƙila ma sarƙar nan daga tsohon babur ɗin shi Sufeto aka cire ta. Ya san amsar yanzu, kuma ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan. In ya yi shiru, makaho ɗan shekara saba'in zai tsaya gaban alƙali a kan abin da bai yi ba. In ya yi magana, zai ƙwace wa tsohon nan abin da ya kwana a tabarma yana karewa. Ya duba ta ko'ina bai ga hanya ta uku ba.

Kuma sarƙa ba ta da suna a jikinta. Muddin tsohon yana kan bakansa, fayil ɗin ba zai motsa ba.

Ranar Asabar da safe ya sa aka kawo Malam Halliru ofishinsa, ya ba shi kujera, ya ɗora ragamar a kan tebur.

"Baba, zan rufe fayil. Saura tambaya biyu. Ka ce kai ka ɗauka?"

"Ni ne."

"Kai ka rina?"

"Ni ne."

"To zan rubuta haka, kuma a kotu za a karanta a gaban jama'a. Zan rubuta cewa wannan rinin Malam Halliru baduku ne, aikin hannunsa. Na nuna wa Goggo Murja a kasuwa, na ce mata naka ne."

Tsohon ya ɗan motsa a kujera. "Me ta ce?"

"Ta ce ashe haka hannunka ya koma."

Wannan ƙarya ce, kuma Sufeto ya ji kunyarta tun kafin ta gama fita daga bakinsa. Amma ta yi aikin da aka aike ta. Kwana biyu ana kiran mutumin nan ɓarawo bai ɗaga kai ba, sai ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Murja ce ta faɗi haka? Shekara hamsin ina rini, an taɓa dawo min da fata ta yi dabbare? Wannan rini ne? Ɓarna ce. Fata da maiƙonta a tsoma ta a baƙi, ba wanki, ba ɗauraya? Sau nawa ina gaya masa, kanwa tukuna, kanwa tukuna, amma shi komai nasa sai gaggawa..."

Ya tsaya.

"Gaya wa wa, Baba?"

Tsohon ya laluba gefen teburin, ya kama hannun Sufeto da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, don girman Allah. Ni na gama rayuwata, zama nake yi a zaure, can ma zama zan yi. Shi yana da mata da 'ya'ya uku. Ka rubuta ni. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Baba."

"To ka sani ɗin, ka yi shiru. Ba ka da uba ne?"

Sufeto ya zare hannunsa a hankali. Shi kansa hawaye ne ya cika masa ido, ya gode wa Allah da tsohon ba ya gani.

Kafin Sufeto ya tafi garejin Bilya sai da ya biya ta gidan Alhaji Magaji, ya sake roƙonsa ya janye ƙara, ko wane ne mai laifin. Alhaji yana cin ƙosai, ya ce shi ba ya mayar da magana, ya kuma tambaya ko Sufeto ya san nawa ake sayar da irin kayan nan yanzu. Sufeto ya fito bai yi masa sallama ba.

Ya sami Bilya tsugune gaban wani babur, ya kwance ƙafar baya. Da ya ga Sufeto da Kofur sai ya ajiye sifana, bai tashi ba.

"Bilya, wa ya gyara janaretan Alhaji Magaji ranar Litinin?"

"Ni ne."

"Ɗebo fetur ka wanke hannunka."

Ya ɗebo, ya wanke, ya goge da tsumma. Baƙin mai ya fita tas daga tafin hannun, amma yatsun da gefen farce suka tsaya baƙi kamar an yi musu lalle. Ya dube su, ya dubi Sufeto.

"Baba ne ya faɗa?"

"Bai faɗa ba. Har yanzu cewa yake shi ne. Ya roƙe ni in kai shi gidan yari a madadinka."

Bilya ya zauna daɓas a ƙasa, cikin baƙin man.

"Yallaɓai, ina tsugune ina gyaran janareta, yana nuna wa baƙinsa kayan. Ya ce na Maroko ne. Ya ce dukawan garin nan sai dai su ɗinka gidan wuƙa. Suka yi dariya. A kan kayan nan idon Baba ya ƙarasa, ina gani, yana kai fata har bakin hancinsa don ya ga ɗinki. Ban ce komai ba, na karɓi kuɗin aikina na fita. Washegari na ga ƙofar baya a buɗe."

"Sayarwa za ka yi?"

"Wallahi a'a. So nake in kai masa ya taɓa, in ce masa Baba ga aikinka, har yanzu babu kamarsa. Daga nan ban san me zan yi ba, ban yi tunanin daga nan ba. Kafin in kai masa sai na ji Alhaji ya tafi wajen 'yan sanda, an ce za a bi gida-gida. Jan nan kuwa ko daga nesa aka hango shi an gane. Na ce bari in mayar da shi baƙi. Na tuna ƙarfe ake sawa, amma ba ni da kwana goma."

"Sai ka zuba ruwan batir."

"Na ɗauka duk tsami tsami ne." Ya share fuska da bayan hannu. "Da na ga abin da ya zama, na kasa nuna masa, na kasa yarwa. Na tura shi cikin fatunsa, na ce nan ne ba wanda zai duba. Tun da na zo beli ya kore ni, kullum sai in ce yau zan dawo in faɗa, in na iso bakin titinku sai ƙafata ta ƙi."

Kofur Mudassir ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya ce Bilya ya mayar wa mai babur ƙafarsa tukuna. Suka tsaya suna kallonsa har ya ɗaure noti na ƙarshe, ya rufe akwatin kayan aiki, ya ba maƙwabcinsa mai faci makulli.

A ofis Bilya ya maimaita komai, aka rubuta, ya sa hannu. Oga ya karanta, ya soke sunan uban ya sa na ɗan, ya ce Litinin ɗin tana nan yadda take.

Hanyar sel ta gaban kanta take bi. Malam Halliru yana zaune a tabarmarsa, ya ji tafiyar ya gane ta.

"Bilya."

"Na'am, Baba." Ya durƙusa a gabansa. "Ka yafe min."

Tsohon ya laluba ya sami kan Bilya, ya bi fuskar da yatsu kamar yadda ya bi ragamar nan.

"Me ya kai ka?"

"Cewa ya yi ba kai ka yi su ba, Baba. Ya ce na Maroko ne."

"Shi ke nan?" Muryar tsohon ta karye. "Ai na sani. Tun shekarar da na yi su ake kawo min labari. Ni daɗi nake ji, Bilya. In ce aikina ya kai a yi ƙarya da shi."

Bilya ya kifa kai a gwiwar ubansa, kafaɗunsa suna rawa. Can Kofur ya taɓa shi a kafaɗa, ya miƙe, suka bi lungun. Aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe, aka ji sakata.

Sufeto ya tsuguna kusa da tsohon. "Baba, an sallame ka. Za ka iya tafiya gida."

"Ka yi aikinka, ranka ya daɗe. Ban ce ka yi ba daidai ba." Ya naɗe tabarmar da ba tasa ba, ya jingine ta da kanta, ya laluba sandarsa. "Amma ba ka taimake ni ba."

Ya miƙe ya nufi inda yake jin hayaniyar titi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗan karkata kai yana saurare, kamar mai jiran ƙarar wani babur da ya sani. Motoci suna ta wucewa zuwa gada.

Sufeto ya cire hularsa ya ajiye a kan kanta, ya fito, ya kama ɗaya bakin sandar.

"Ta nan ne, Baba."

"In mun isa," in ji tsohon, "kai za ka gaya wa matarsa. Ni ba zan iya ba."